Rumbun da Muka Ɗora a Kan Rijiya

Ni mutum ne mai zargi, kowa ya san haka a garinmu. Inna takan ce tun ina goye, in aka miƙo mini abu sai na kalli fuskar mai miƙowa kafin in karɓa. Sana'ar kabu-kabu kuwa ta ƙara mini, don wanda yake wuni a kan babur tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi yana ganin gaban abu da bayansa. Fasinja ba ya jin kunyar ƙeyar mai babur. Abin da ba zai faɗa a zaure ba sai ya zazzage maka shi a hanya, ya sauka ya manta ya faɗa.

A shekarun da aka yi ta yayata cewa za a sakar wa ƙananan hukumomi mara, kuɗi ya riƙa zuwa hannunsu su yi wa mutanensu aiki, na yi murna kamar kowa. An ce gwamnati za ta matso kusa da talaka. Ta matso ɗin kuwa, amma abin da na gani daga kan babur shi ne ciyamomin sun fi kallon junansu a kan kallonmu. In wannan ya gina ƙofar gari mai “Barka da zuwa”, na kusa da shi sai ya gina wadda ta fi ta faɗi, ya sa mata fitila. In wancan ya raba shanun Sallah, wannan sai ya raba shanu ya ɗora shinkafa. Kuma duk abin da za a gina, a bakin hanya ake gina shi, inda mai wucewa zai gani ya kai labari gaba. Ban taɓa ganin gasar nan ta shiga lungu ba.

Garinmu yana can wutsiyar ƙaramar hukumarsa. Wani busasshen rafi ne ya raba mu da garin da ke tsallake, su kuma suna ƙarƙashin wata ƙaramar hukumar daban. Muna auratayya da su, muna zuwa jana'izar juna, amma ba ma son su fi mu ko da tsinke, su ma haka. In limaminsu ya sayi lasifika, namu ba zai yi barci ba.

Abin da muke da shi wanda ba su da shi, rijiya ce. Tana gefen gonar Baba, kakansa ne ya haƙa ta, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ƙafe. Itacen da aka ɗaure bakinta da shi igiya ta ci shi har ya yi kwari-kwari. Gari duka ke sha, amma yasarta da gyaran bakinta na gidanmu ne, Baba ke kiran gayya duk shekara. A gefenta akwai dogon komi na itace da ake zuba wa dabbobi ruwa.

Wannan komin shi ya haɗa Baba da amininsa, wani dattijon Bafillace da ke zuwa daga wajen Jangeru. Duk shekara in an gama girbi sai ya sauko da shanunsa da iyalinsa su kafa ruga a gonarmu. Shanu su ci kara su sha rijiya, su bar mana taki. Baba ya ba shi dammunan gero, matansa su kawo wa Inna nono su karɓi tsaba. Haka uban Baba ya yi da uban wancan, ba wanda ya taɓa zama ya tsara abin. Su biyun in sun haɗu ba abin da suke yi sai tsiya. Shi ya ce wa Baba Kaɗon da bai san gaban saniya da bayanta ba, Baba ya ce masa mai shanu ɗari da ba ya iya yanka kaza. Su wuni gindin marke suna wannan, har Inna ta aika a ce tuwo ya huce.

Da ƙasarmu ta rikice, aka fara satar shanu da satar mutane, sai zama ya ɓaci tsakanin ƙauyawa da makiyaya, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa aka yi musu kuɗin goro. Garuruwa da yawa suka hana Fulani shiga kasuwa, wasu suka rufe musu rijiyoyi. A lokacin nan rufe rijiya magana ce, ba sai an buɗe baki ba: ku tashi, ba ma son ganinku. Baba bai yarda an yi haka a garinmu ba. Ya ce mutumin da ya san ubansa ba zai koma ɓarawo don an yi sata a wani daji ba. Amininsa kuwa ya ci gaba da zuwa, ko da yake yanzu manyan 'ya'yansa ne ke gaba da sanda, shi yana biye a kan jaki.

To, sai ga shi wata damina ciyaman ɗin tsallake ya yi wa mutanen can burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe, an shafa masa fenti shuɗi. Daga ƙofar masallacinmu ana hango shi. Ka ga abin haushi. Matasansu in sun zo sai su ce ko a kawo mana jarka ɗaya mu ɗanɗana ruwan zamani. Mai garinmu ya daina zama ta wannan gefen, ya sa aka juya masa tabarma.

Gab da kaka kansilanmu ya zo. Mutumin nan tun da aka zaɓe shi ya tare a Ƙaura, sai mutuwa ko zaɓe ke kawo shi gida. Da na ga motarsa a ƙofar mai gari ba mutuwa ba zaɓe, na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa. Aka tara magidanta. Ya ce ciyaman ɗinmu ya ji abin da aka yi a tsallake, ransa ya ɓaci, ya rantse sai ya yi wanda ya fi shi. Aka yi kabbara. Sai ya ɗaga hannu.

“Amma hwa akwai magana guda. Kwamiti za shi zagaya. Garin da duk anka iske da rijiya mai ruwa, tsallake shi za a yi, a ba wanda ba shi da ita. Ku kun san abin da kuka da shi.”

Kowa ya juya ya kalli Baba.

Ban san wanda ya fara kawo shawarar ba, don kansila ya iya jefa magana ya bar wani ya tsince ta. Abin da aka tsayar dai shi ne a shimfiɗa itatuwa a bakin rijiya, a yaɓe da laka, a ɗora rumbu a kai, a janye komin a ɓoye. Wanda ya zo zai ga rumbu a gefen gona, ina abin mamaki a nan? Tabki bai ƙafe ba tukuna, ana kuma iya tonon rairayin rafi a samu ruwa. Kwana kaɗan ne, in ji kansila, kwamiti na wucewa a ɗauke rumbu.

Ni dai bakina bai iya shiru ba. Na ce, “Honarabul, wa yab ba ka wagga doka? Ni ina yawo, na ga garuruwa masu rijiya da anka yi ma tanki.”

Ya yi dariya ya ce wa jama'a, “Kun ji mai babur. Shi ya hi ciyaman sanin doka.” Aka yi mini dariya, wani kawuna ya ce in zauna, ba a haife ni ba aka fara mulki. Na zauna, amma ban yarda ba.

Baba bai damu da doka ba, abu ɗaya ya tambaya. Ya ce baƙonsa na nan tafe bayan girbi, me zai ce masa? Kansila ya gyara zama. Ya ce wannan shi ne wurin da ake jin tsoro. Bafillace yau yana nan, gobe yana tsallake, matansa na tallar nono gida-gida. In maganar ta shiga kunnen mutanen can, za su kai wa ciyamansu, shi kuma ya samu abin yi wa namu dariya a rediyo, shi ke nan aiki ya mutu. Don haka ba wanda za a gaya wa, ko waye.

Baba ya ce, “Ranka shi daɗe,” yana kallon mai gari, “abokin kuka ba a ɓoye mai mutuwa. Mutumin ga tare munka tashi.”

Mai gari ya ce kwamiti zai zo kafin Fulani su sauko, kansila ya tabbatar. Aka yi ta ba Baba baki. Wani ya ce shi kaɗai zai hana gari ci gaba saboda baƙo? Wannan maganar ce ta karya shi. Liman ya ja Fatiha a kan cewa magana ta tsaya a nan, aka shafa, Baba ma ya shafa. Shi kuwa mutum ne da in ya shafa Fatiha a kan abu, ko za a yanka shi ba ya warwarewa. Na san haka, kuma ina jin kansila ma ya sani.

Da safe aka yi gayya. Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun yi aiki da zafin nama irin na ranar ba, har da waƙa. Kafin azahar rumbu ya tsaya da jinkarsa, sabo fil, kamar an haife shi a wurin. Aka ja komi aka kai bayan gidan mai gari aka rufa masa kara. Baba bai sa hannu ba, bai kuma hana ba. Yana tsaye daga nesa da hannuwa a baya.

Aka yi girbi, kwamiti bai zo ba. Tabki ya fara komawa laka, kwamiti bai zo ba. Mata da yara suka koma tonon rafi, wasu suka haɗiye girman kai suka ɗauki jarkoki zuwa tankin tsallake, ana yi musu ba'a suna ɗiba. Kansila ya aiko wani ya ɗauki hotonsu a kan hanya, ya ce zai nuna wa ciyaman. A nan zargina ya ƙara tsayi. Duk sanda na bi ta sakatariya da fasinja sai in tambaya yaushe kwamitin ruwa zai fita, masu gadi su dube ni kamar na tambayi kwamitin aljanu. Na gaya wa Baba. Ya ce in bar shi da abin da ke damunsa. Kullum da la'asar yana fita bayan gari ya tsaya yana duban arewa, ni kuma na san ba kwamiti yake dubawa ba.

Ranar da Fulanin suka iso ina nan, dawowata ke nan daga Zurmi. Shanu sun san hanya, ba sa jiran mai sanda. Tun daga nesa suka ɗaga kai suka sheƙo a guje zuwa inda suka saba sha, suka zo suka tarar da rumbu. Suka kewaye shi suna kuka suna tunkuɗar juna. Wasu suka sa hanci a gindinsa inda laka ta yi danshi suna lasa. Mutum kana iya yi masa ƙarya, amma saniya mai ƙishi ta san inda ruwa yake.

Dattijon ya sauko daga jaki a hankali. Manyan 'ya'yansa biyu suna bayansa da sanduna a kafaɗa. Baba ya tare shi, ga kuma ƙanen mai gari ya biyo Baba ya tsaya kusa, wai ya zo taya shi marhabin. Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali. Ba wanda ya yi tsiyar da aka saba.

“Aboki,” in ji dattijon, “ina rijiya?”

Baba ya waiga. Ya kalli ƙanen mai gari, ya kalli ƙasa.

“Ta ƙahe,” ya ce.

“Ta ƙahe.”

“Bana ta ƙahe. Munka ruhe ta kada yara su hwaɗa.”

Dattijon bai kalli Baba ba, shanunsa ya kalla, suna ta lasar gindin rumbu. Ya daɗe yana kallonsu. Babban ɗan ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ya faɗi wata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa wadda ban kama ba. Uban ya juyo wajen Baba.

“Allah shi kyauta,” ya ce. “Allah shi maido da ruwa.”

Baba ya ce su sauka a gona mana, ga kara nan an bar musu, a yi tonon rafi. Dattijon ya ce shanu da yawa, rafi ba zai ɗauke su ba. Ya hau jakinsa. Sai da yaran suka yi ta dukan shanun kafin su yarda su bar rumbun, suna tafiya suna waiwaye. Suka tsallaka rafi. Baba ya koma gida bai ci tuwon dare ba, Inna ta yi ta faɗa ita kaɗai a madafa, tana cewa maza sun taru sun haifi abin kunya. Ni kuwa haushi ya hana ni magana da kowa, har kawun nan nawa da ya ce in zauna na daina gaishe shi na wani lokaci.

Na ce wa Baba ya bar ni in bi su a babur in gaya wa dattijon gaskiya, ai ni ban ɗauki alkawarin da zuciya ɗaya ba. Ya ce hannuna ya shafa ko bai shafa ba? Na ce ya shafa. Ya ce to.

Sai tsakiyar rani kwamiti ya zo, mota biyu. An yi musu dambu da kaji. Ina tsaye ina jira in ga wanda zai ce a zagaya da shi gari ya ga inda muke shan ruwa. Ba wanda ya ce. Da suka wanke hannu suka fita bakin hanya, suka hau wani ɗan tudu da ke fuskantar tsallake, suka tsaya suna duban shuɗin tankin can, ɗaya yana auna shi da hannu daga nesa. Nan suka kafa turke. Ko gefen da rumbu yake ba su kalla ba.

Da aka fara aiki, ni nake ɗauko shugaban leburorin daga Ƙaura. Mutum ne mai surutu. Tun a tafiyar farko ya gaya mini ai su ne suka yi na tsallake, maigidansu ɗaya. Ya ce suna gama wancan maigidan ya ɗauki hoton tankin ya kai wa ciyaman ɗinmu, wai ya zo gaisuwa. Ya ce in an gama namu ma hoton zai ɗauka ya kai wa na can. Na ce to dokar rijiya fa, garin da ke da rijiya ba a yi masa?

“Wace rijiya?” in ji shi. “Mu dai inda anka nuna muna muke haƙawa.”

Har yau ban san gaskiyar dokar nan ba. Mai yiwuwa akwai ta a wata takarda da ba wanda ya karanta. Mai yiwuwa kansila ne ya ƙirƙire ta don ya samu hoton yaranmu da jarkoki, ko don ranar da ruwa ya zo mu ji kamar daga kabari ya tono mu. Na tambaye shi sau ɗaya a tasha, ya ce ba ga tanki kun samu ba? Ba ni da shaida, zargi ne kawai, amma ban sauke shi ba.

Tanki dai ya tashi, kuma ya fi na tsallake tsawo, wannan ba ƙarya. An yi masa fenti kore da fari. Ruwa yana zuwa, ba zan ci amanarsa ba, in rana ta ɗaga famfunan suna zuba, mata sun huta da tonon rafi. An kewaye shi da waya an sa ƙofa. Ba a yi wurin shan dabbobi ba, don na tsallake ba shi da shi, kuma ba a hango komi daga kan hanya. Kansila ya ce kada a taɓa rumbu sai ciyaman ya zo ya buɗe aiki, ciyaman kuwa bai samu zuwa ba sai da damina ta kusa fita. Ranar buɗewa an yi kiɗa, mai gari ya sa aka gayyato mutanen tsallake musamman don su gani. Ba a yi wata biyu ba aka kafa musu fitilu masu hasken rana kewaye da nasu tankin, mutanenmu suka fara cewa mu fa?

Washegarin buɗewa Baba ya rushe rumbun. Bai kira gayya ba, ni da shi da ƙannena muka yi. Rijiya na nan da ruwanta, sai ɗan wari na rufi, muka yashe ta ya tafi. Muka jawo komi daga bayan gidan mai gari, gara ta ci gefe ɗaya, Baba ya zauna ya toshe. Aka yi girbi, ya hana a kwashe karan gona. Fulani suka sauko, wasu suka wuce ta gabas, wasu ta yamma, nasa ba su biyo ba.

Wata Laraba ya ce mini gobe kasuwar Shinkafi, in kai shi. Baba ba ya son babur, yakan ce abin da ba ya tsayuwa da kansa ba abin hawa ba ne, kuma hanyar a lokacin sai da addu'a. Ban yi masa musu ba. Muka bi ayarin 'yan kasuwa da hantsi. A kara, wurin da ake cinikin shanu, muka yi ta kutsawa tsakanin ƙahoni da dillalai yana tambaya, har wani ya nuna mana wata rumfa a can gefe. Dattijon na zaune a kan buzu, ya rame, gemun ya ƙara fari.

Da ya ga Baba sai ya miƙe. Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba, har na fara jin sanyi a raina, na ce ashe abin zai zo da sauƙi. Ya shimfiɗa masa gefen buzu. Baba bai tsaya dogon zance ba, ya ce yanzu alkawari ya sauka daga wuyansa, ya kwashe komai ya gaya masa: kansila, kwamiti, Fatiha, rumbu. Ya ce rijiya ba ta taɓa ƙafewa ba, ƙarya ya yi, kuma ga ta can a buɗe, komi na jiran shanu.

Dattijon ya saurara har ƙarshe yana wasa da carbi.

“Na sani,” ya ce. “Ran da munka tsallaka rahi, mai shayin can yab ba mu labari. Suna ta dariya. Sun ce tun ran da kunka ɗora rumbu sunka ji, ɗiyanku mata da ka aure can su sunka hwaɗi.”

Na kalli Baba. Wato asirin da aka sa shi ya yi wa amininsa ƙarya a kansa, har mai shayin tsallake ya san shi tun ranar farko. Na ji kamar in tashi in koma Ƙaura in nemo kansila.

“To don mi ba ka dawo ba?” in ji Baba. “Tunda ka san ba don ku anka yi ba.”

“Na zamna tsallake kwanaki, ina cewa za ka aiko. Ko yaro.” Ya ajiye carbin. “Aboki, bari in gaya ma. Muna bisa hanya yaran ga sunka ce mu canza wuri, Haɓe sun ruhe rijiyoyi ko'ina. Nic ce banda wagga. Nic ce in duniya duk ta ruhe, mutumin ga ba shi ruhe min. Nir rantse musu. Munka zo, gaban idonsu, shanu na lasar ruwa, kac ce ta ƙahe.”

“Alkawali anka sa ni.”

“Na yarda. Ni na san ka. Da ka ja ni gehe ka ce akwai magana, ba ni iya hwaɗi yanzu, wallahi da ya ishe ni. Amma su ba su san ka awa yadda nis san ka ba. Tun rannan ba ni da ta cewa ga hanyar shanu. In nic ce a bi nan, sai su ce kamar rijiyar abokinka? Su ka jan garke yanzu, ni biya nike.”

Baba ya ce a kira su, shi zai ba su haƙuri da bakinsa, ko durƙusawa ce zai yi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce bana Nijar suka nufa, sun riga sun yanke, shanu biyu kawai suka kawo sayarwa don guzuri. Ya ce shi kansa bai san ko zai sake ganin wannan kasuwa ba. Baba ya ciro goro daga aljihu ya ɓare ya miƙa masa rabi, ya karɓa ya riƙe a hannu.

Muna nan sai ga babban ɗan ya dawo daga wurin dillalai da igiya a hannu. A gonarmu aka haife shi, Inna ce ta yi masa wankan farko. Baba ya miƙe tsaye saboda shi, tsoho da shi, ya miƙa masa hannu biyu. Saurayin ya ba shi yatsu ya janye, kamar yadda ake yi wa wanda aka haɗu da shi a mota. Ya juya wajen ubansa ya yi tambaya da Fillanci, bai ko rage murya ba. Ɗan abin da nake ji ya isa in gane. Cewa ya yi, “Me mai ƙafaffiyar rijiya yake nema kuma?”

Baba ya fi ni jin Fillanci nesa ba kusa ba. Ya tsaya da hannuwansa a miƙe kamar ya manta da su, sannan ya sunkuya ya laluba takalmansa. Ya ce mini in je in tada babur.